Ɗakin da Bai Dace da Riɗi Ba

Ranar Litinin da hantsi aka shigar da buhu goma sha huɗu ɗakin Gwaggo, tana zaune a bakin gado tana fama da zare da allura. 'Yan dako suka ture akwatinta da ƙafa, suka jingine tabarmarta a bayan ƙofa, suka jera riɗi tun daga ƙasa har ya kusa taɓa rufi. Kafin ta zura zaren nan rabin ɗakinta ya zama na riɗi.

"Kai, lafiya? Wa ya aiko ku?"

"Maigida ne, Iya."

Sai ga maigidan da kansa, da waya a kunne da takarda a hannu. Ɗan ƙanenta ne. Ita ta goya shi bayan rasuwar uwarsa, ita ta tauna ta ba shi, ita ta share masa majina har ya san hanyar makaranta. Yanzu ya zama babban mutum, yana tara riɗi yana ba wani kamfani da ke loda shi a jirgin ruwa. Ba ya gama magana uku bai ce "a ƙetare" ba, shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Ɗan-Ƙetare, kuma sunan ya yi masa daɗi har ya sa aka rubuta a bayan motarsa.

"Gwaggo, kwana goma ne kacal," ya ce. "Jami'ar duba tsirrai za ta zo. In ta ga ƙwaro ɗaya mai rai a sito, shi ke nan, ba takardar fita. Ke kika ce waɗannan buhunan da ƙwaro, ko ba ke ba ce?"

Ita ce kuwa. Shekara arba'in tana tsintar riɗi, idonta ya raunana a kan allura amma ba a kan ƙwaro ba. Ranar Juma'a tana tankaɗe ta ga wata 'yar tsutsa mai gashi-gashi, ta bi ɗinkin buhun da farce, ta tarar da saɓarsu jingim. Buhunan nan tsofaffi ne, na hannu, waɗanda Ɗan-Ƙetare ya kwaso a bayan kasuwa yana murna ya yi dabara.

"Na ce maka a ƙone buhunan, a kai riɗin nesa da gida," ta ce. "Ban ce ka kawo mini su ɗaki ba."

Ya buɗe takardarsa ya ɗora yatsa a kan wani layi. "Ga shi nan a rubuce. Kayan da ake zargi, a killace su. Killacewa ke nan, Gwaggo. Ƙa'idar duniya ce, ba ni na ƙirƙira ba."

To, ka ji. Duk faɗin gidan nan mai falo biyu da garejin mota, ƙa'idar duniya ba ta ga wurin killace ƙwaro ba sai ɗakin tsohuwa.

Ɗakin kuwa ba taga. Ƙofa ɗaya ce da wata 'yar kafa a saman bango wadda ko kan kyanwa ba zai shiga ba. Shekara bakwai Gwaggo tana roƙon a fasa mata taga, shekara bakwai ana ba ta amsa ɗaya: magini ya ce bangon nan shi ke riƙe da gidan, aka taɓa shi kowa zai kwana a waje. Tun tana faɗa har ta gaji ta bari.

Amma je ka ga sito, can a gaban gida. Farin fenti, tayil a ƙasa, tagogi huɗu masu raga, fanka biyu suna juyawa ko da kowa ko ba kowa. Buhuna a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. A bakin ƙofa akwai tire mai ruwan magani, sai ka tsoma takalminka ka wanke hannu ka ɗora hula kafin ka shiga gaida riɗi. Wallahi ko mai jego ba a lallaɓa ta haka a gidan.

Washegari Ɗan-Ƙetare ya dawo da wani gwangwani. A ciki akwai ƙwayoyin nan masu launin toka da 'yan kasuwa ke kira bom, waɗanda ke narkewa su zama iska mai kashe ƙwari. Aikin na ƙwararru ne, a wurin da ba kowa, a rufe ruf. Shi kuwa ya naɗe su a tsumma ya cusa tsakanin buhuna, ya lulluɓa wata tsohuwar leda da ɓera ya riga ya yi wa ado, ya danne gefenta da bulo biyu. Yana yi yana toshe hanci da hularsa.

"Ɗan nan, wannan abin ba zai taɓa ni ba?"

"Haba Gwaggo, ke ƙwaro ce? Ga leda na rufe."

Ya fita da sauri ya je ya wanke hannu har gwiwar hannu, sau biyu, da sabulu.

Ranar Laraba ta tashi da kai kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Ɗakin yana wani wari, tafarnuwa ba tafarnuwa ba, ruɓaɓɓen kifi ba kifi ba. A ƙasa ta tarar da tsaka biyu sun faɗo daga bango sun miƙe ƙafafu sama. Ta share su ta kai wa matar gidan a kan kwali.

Matar gidan tana gaban madubi tana gyaran gira. Ta leƙo ta taɓe baki.

"To ai sai ki gode, Gwaggo. Ke da kike ƙorafin tsaka kullum? Ga shi an raba ki da su kyauta."

"'Yar nan, abin da ya kashe tsaka, ni ma shi nake shaƙa."

"Ciwon kai kowa na yi. Ni ma jiya na yi. Ki rage shan shayi mai kauri."

Ranar Alhamis ta bar ƙofa a buɗe don iska ta shiga. Ɗan-Ƙetare yana fitowa ya hango, ya taho kamar an ce masa gobara ta tashi.

"Gwaggo, so kike ki kashe ni? In iskar maganin ta fita, me zai kashe ƙwarin? Ki rufe, don Allah ki rufe!"

Ya ja ƙofar da hannunsa, har da cusa tsumma a ƙarƙashinta. Shi ya san iskar tana fita daga ledar, tunda ga shi yana tare ta a ƙofa. Abin da bai tsaya ya tambayi kansa ba shi ne wa ke tsakanin ledar da ƙofar.

Da rana takan ja tabarmarta tsakar gida ta kwanta a inuwar tankin ruwa, ciwon kan ya ɗan sake ta. To amma damina ce, yamma na yi hadari ke haɗuwa, dole ta koma ciki. Ta roƙi a bar ta ta kwana a ƙaramin falo. Matar gidan ta ce kujerun sababbi ne, kuma baƙin maigida sukan yi sammako, ba daɗi su tarar da mutum a shimfiɗe. Ta roƙi barandar sito. Ɗan-Ƙetare ya sake buɗe takardarsa: ba a yarda kowa ya kwana kusa da wurin ajiyar kaya ba, saboda tsabta. Ya karanta mata layin nan da babbar murya, bai ko ji kunya ba, alhali ga buhu goma sha huɗu a gefen matashin kanta.

Ranar Asabar tari ya zo. Tari ne busasshe mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, ya bar ta tana neman numfashi kamar wadda ta yi gudu. Abin da ta ci da safe bai zauna ba. Matar gidan ta aika aka kira mai kemis na bakin titi. Ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya shaƙi iska sau ɗaya, ya ja da baya.

"Maigida, me aka sa a nan?"

"Ɗan maganin ƙwari ne, an rufe shi da kyau."

Mai kemis ya dubi Gwaggo, ya dubi Ɗan-Ƙetare wanda shi ne ya ba shi hayar shagon da yake ciki, ya sosa ƙeya. "To, da dai za a ɗan sauya mata wuri..."

"Tsufa ne," Ɗan-Ƙetare ya katse shi. "Duk damina haka take yi."

"E, tsufa ma yana kawo haka," in ji mai kemis. Ya bar mata ƙwayoyin ciwon kai da kwalbar maganin tari, ya fita yana goge idonsa da ke ruwa.

Duk da haka aiki bai tsaya ba. Riɗin sito sai an sake bi kafin jami'a ta zo, kuma ba wanda ke da idon Gwaggo. Kowace safiya sai a taso ta, ta tsoma silifas a ruwan magani, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne da faranti a cinya da gwangwanin zuba datti a gefe. Da tarinta ya yi yawa Ɗan-Ƙetare ya kawo mata takunkumin rufe baki da hanci, sabo fil a leda. Allah sarki, har ta fara sa masa albarka.

"Ki riƙa sawa," ya ce, "kada tarin ya sauka a kan riɗi."

Da yamma ta naɗe abin a bakin zane za ta tafi da shi ɗaki, ko zai rage mata warin. Matar gidan ta tare ta a hanya ta karɓe. Na sito ne, a sito yake kwana.

Abin ya yi mata ciwo fiye da ƙirjin. Ta zauna a bakin gadonta tana kallon ledar nan tana kumbura tana sacewa, ta tuna lokacin da yaron nan ya yi ƙyanda, ta kwana huɗu tana yi masa fifita da murfin kwano don kada zafi ya shaƙe shi. Ba ta yi kuka ba, don kuka ma yana buƙatar numfashi.

Ranar Talata ta biyu ya ƙara sababbin ƙwayoyi, wai na farko sun huce. Ranar Laraba ta faɗi a bakin famfo, aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Matar gidan ta ce jiri ne na rashin cin abinci, kuma Gwaggo ta cika son a san tana ciwo. Ɗan-Ƙetare ya durƙusa kusa da ita, murya ƙasa-ƙasa.

"Gobe ne fa, Gwaggo. Ki daure. Jami'a na tafiya zan kai ki asibiti da kaina. Amma in ta tambaye ki wani abu, ki ce lafiya lau. Maganar ɗakinki kada ta fito. Rufin asirin gidan nan a hannunki yake."

Ta gyaɗa kai kawai.

Ranar Alhamis jami'a ta iso da ƙarfe goma. Mace ce gajera, ba fara'a ba ɗaure fuska, da jaka a kafaɗa. An wanke sito har yana ƙyalli. An sa wa Gwaggo farar riga a kan kayanta da farar hula, an zaunar da ita a tsakiya da farantinta, don a nuna wa baƙuwa cewa a nan hannu ake sawa a tsince riɗi ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan uwata ce," in ji Ɗan-Ƙetare yana dafa kafaɗarta. "Ita ce ginshiƙin wannan harka. Ba abin da nake so a duniya kamar ta."

Jami'a ta gaida ta, ta shiga aiki. Ta soka ƙarfen ɗiban samfur a buhu ashirin, ta tankaɗe, ta haska tocila a lungunan katako, ta bi ɗinkin buhuna da gilashin ƙara girma. Ba ta sami komai ba. Ta ciro takardarta ta zare murfin biro. Ɗan-Ƙetare ya riga ya fara murmushin jirgin ruwa.

A nan ne Gwaggo ta ji wani abu yana tafiya a wuyan hannunta. Ya fito ne daga ɗinkin rigarta ta ciki, wadda ta kwana rataye a kan buhunan ɗakinta. 'Yar tsutsa ce mai gashi, tana tafiyarta a natse, lafiyarta ƙalau, kwana tara na bom bai ko sa ta atishawa ba.

Gwaggo ta tuna abin da aka ce mata jiya. Da ta so, da ta murje ta a cikin tafin hannu ba wanda ya gani. Amma shekara arba'in hannun nan bai taɓa ganin ƙwaro kusa da riɗi ya ɓoye shi ba. Ta sa yatsu biyu ta ɗauke ta, ta jefa a gwangwanin datti kamar yadda take yi kullum, a gaban idon kowa.

Jami'a ta mayar da murfin biro. Ta durƙusa ta leƙa gwangwanin da gilashinta, ta daɗe. Da ta ɗago, hancinta ya kama warin da ke jikin kayan tsohuwar.

"Iya, ina kike kwana?"

"A ɗakinta mana," Ɗan-Ƙetare ya yi caraf. "Ɗaki mai kyau, can ciki..."

"Ba kai na tambaya ba."

Gwaggo ta janye takunkumin daga bakinta. Sai da ta yi tari ta huta kafin maganar ta fito.

"Inda aka killace nake kwana, 'yata."

Jami'a ba ta jira a nuna mata hanya ba. Ta tura ƙofar ɗakin, ta ga tsumma a ƙasa, ta ga leda mai huji, ta ga gado a gefe da zane a kai. Ta yi baya da sauri tana rufe hanci da gefen mayafi.

"Kowa ya matsa! Ku bar ƙofar a buɗe! Malam, kwana nawa matar nan take cikin wannan?"

"Ai an rufe da leda..."

"Wannan ledar? Ko ƙwaron bai mutu ba, don iskar ba ta zauna a kansa ba, a ƙirjinta ta zauna. Ka san wane ƙwaro ne wannan? Yana shekara a ɗinkin buhu bai ci komai ba. In aka buɗe kwantena a can aka gan shi, ba kayanka kaɗai za a dawo da su ba, ƙofa za a rufe wa duk mai noman riɗi, har wanda bai taɓa jin sunanka ba. Da ka kira mu tun ranar farko, da an kwashe an yi masa hayaƙi yadda ya kamata. Sai ka zaɓi ka shaƙe tsohuwa."

"Ranki ya daɗe, a yi haƙuri, mu yi magana a falo..."

Ba ta shiga falo ba. A tsaye ta cika takardarta a kan bonet ɗin mota. Ta hana shaidar fita ga kayan gidan gaba ɗaya. A kan ɗakin Gwaggo ta rubuta cewa ba taga, ba iska, akwai danshi, bai dace da ajiye riɗi ko wani amfanin gona ba. Ta juya takardar gaba da baya, ta ce, "Takardata ta tsirrai ce, ba layin mutum a ciki." Sannan ta buɗe motarta ta sa Gwaggo a baya ta kai ta asibiti da kanta.

Kwana goma sha biyu Gwaggo ta yi da robar iska a hanci. Likita ya ce ta auna arziki, amma ƙirjin ba zai koma kamar da ba. Tafiya kaɗan za ta riƙa tsayawa ta huta, kuma tarin ya zo ke nan. Ɗan-Ƙetare ya zo sau ɗaya da lemo a leda. Tana jinsa a baranda yana gaya wa 'yan dubiya yadda abin ya faru: tsohuwa ce da tara tsummokara, ƙwaro ya hayayyafa a kayanta, ta ɗauko shi a jiki ta shigo da shi sito ranar da ba a so. Shi dai ya bar wa Allah, uwa ce, ba ya iya cewa komai. Masu sauraro suna ta jinjina masa haƙuri.

Ranar da aka sallame ta, mai tasi ya sauke ta a ƙofar gida. Ta shiga tana dafa bango, taku biyar ta tsaya, taku biyar ta tsaya. Da ta kai tsakar gida sai ta ga abin da ya sa ta manta da ƙirjin.

Ɗakinta ne, amma an fasa masa tagogi biyu manya, masu raga da ƙarfe. An yi farin fenti, an shimfiɗa tayil, fanka tana juyawa a sama. Labule ma babu, haske ya cika shi har lungu. Zuciyarta ta yi sanyi. Ta ce a ranta, ashe yaron nan yana da kunya, ashe ya ji tsoron Allah. Ta matsa kusa tana murmushi.

Sai ta ga tire mai ruwan magani a bakin ƙofa. Sai ta ga katako a jere a ƙasa, da sababbin buhuna a kai.

"Sannu da dawowa, Gwaggo," in ji Ɗan-Ƙetare daga bayanta, da takarda a hannu. "Kin ga aiki? Duk abin da jami'a ta rubuta na gyara. Wata mai zuwa za ta dawo, wannan shi ne sito na biyu. Kayanki suna ƙarƙashin bene, an share miki wurin tsaf. Tsofaffin tufafin dai mun ƙone, kin san ƙa'ida."

Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi bangon, daga sama har ƙasa. Ko tsaga babu.

"Ɗan nan," ta ce, "ashe gidan bai faɗi ba."

Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga ya wuce yana cewa "a ƙetare".

Ta zame ta zauna a ƙasa a gindin tagar, inda iskar fanka ke fitowa ta raga tana shafar fuskarta. Iska ce mai daɗi, irin wadda ta roƙa shekara bakwai. Ta buɗe baki ta ja iya abin da ƙirjin zai ɗauka, tarin ya taso ya girgiza ta.

Matar gidan ta leƙo daga kicin.

"Gwaggo, don Allah ki ɗan matsa daga tagar nan. Riɗi ne a ciki."